Ludo mai gida shida: Shin ya cancanci a fidda kuɗi a saya?

Da zarar an rufe makarantu a watan Yuni, ruwan Douala ya kankama, babu abin da ke tashe a zaurukan New Bell da sauran unguwannin Hausawa kamar ludo. Duk inda ka leƙa bayan la'asar za ka tarar da mutum huɗu sun duƙufa kan allo, wasu biyu ko uku na tsaye a kansu suna jiran layi. Waɗannan na tsaye su ne suka jawo maganar da muke tafe da ita yau, wato allon ludo mai gida shida. A gidanmu ma yara sun matsa mini lamba sai na sayo, hujjarsu ita ce su shida ne, allon da muke da shi kuwa na mutum huɗu ne.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa wannan ƙari ba sabon abu ba ne. Asalin ludo wani tsohon wasa ne na ƙasar Indiya mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi, aka yi masa rajista a 1896. Jamusawa ma suna da irin nasu, wanda Josef Friedrich Schmidt ya fara bugawa da yawa a 1914, shekarar da gwamnatinsu ta rataye Rudolf Duala Manga Bell kan rikicin tayar da mutanen Duala daga bakin kogi zuwa wannan wuri da ake kira New Bell. Allon na Jamus fuska biyu gare shi, ɗaya ta mutum huɗu, ɗaya ta mutum shida.

To, me gida biyun nan suke ƙarawa? Bari mu yi lissafi. Allon da muka saba da shi yana da 'ya'ya 16, hanyar zagayensa kuma ɗaki 52 ce, wato 13 a kowane ɓangare. Idan ɓangarorin suka zama shida, 'ya'ya sun koma 24, hanya ta koma ɗaki 78. Ke nan tafiyar da dukan 'ya'yan za su yi ta tashi daga wajen ɗaki 830 zuwa sama da 1,800. Wasan ya ninka tsawo har da ɗori, tun ba a sa lissafin 'ya'yan da aka cinye suka koma gida ba. Wasan da aka fara bayan la'asar, da wuya a tashi kafin kiran magariba.

Sai kuma jira. A da mutum uku kake jira kafin dayis ya dawo hannunka, yanzu biyar. Ga shi ɗa ba ya fita sai an jefa shida, wato siki. Idan da dayis ɗaya ake wasa, cikin mutum 10 kimanin 4 za su yi jifa biyar ba su ga siki ba. Babba zai daure, amma yaro ɗan shekara bakwai da ya zauna yana kallon 'yan'uwansa suna zagaye, shi ko ɗa ɗaya bai fitar ba, ƙarshenta kuka ne ko ya watsa allon. An sayo abu don a raba gardama, sai ga shi dara ta ci gida.

Wannan ba ya nufin allon ba shi da amfani. A majalisar da ake da manya shida masu zama kullum, waɗanda ba sa tashi sai an ƙare, yana da daɗi ƙwarai, musamman idan aka rabu uku-uku ko biyu-biyu, ko aka yi wasa da dayis biyu irin yadda ake yi a Najeriya don a rage tsawo. Ciye-ciye sun fi yawa, raha ta fi yawa. Sai dai a yi hattara, inda hannu ya yi yawa nan ne ake fara cewa a ɗan aza wani abu, daga nan wasa ya rikiɗe ya zama caca, abin da addini ya haramta.

Shawarata ga magidanta ita ce a gwada kafin a saya. Manhajar Ludo King, wadda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, tana ba da damar mutum shida su yi wasa a waya ɗaya. A tara yaran a yi sau biyu ko uku. In sun kai ƙarshe ba wanda ya tashi, to a nufi Marché Central ko Mboppi a nema. In an samu, a ƙirga 'ya'yan nan a gaban mai shago, a tabbatar 24 ne, launi shida kuma ba masu kama da juna ba. A kuma guji na kwali zalla, domin garin da ake samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, laima kaɗai ta isa ta kumbura shi kafin a koma makaranta a watan Satumba. Mai katako da gilashi ya fi tsada, amma shi ke kai shekaru.

Mu dai da muka gwada a waya, biyu daga cikin shidan sun sulale tun wasa bai yi nisa ba. Saboda haka na sayo sababbin 'ya'ya da dayis na cike waɗanda suka ɓace a tsohon allonmu, na kuma zana wa biyun da ke jiran layi dara a kan wani guntun katako: gida 30, shida a tsaye biyar a kwance, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya da marafan kwalba, ɗaya da tsakuwa. Wasan kakanninmu ne, ko dala ban kashe a kansa ba. Yanzu rigimar da ake yi a gidan ita ce wa zai fara zama a kan darar.