Saƙon tes a hulɗar kasuwanci

Saƙon tes a hulɗar kasuwanci shi ne amfani da gajeren rubutaccen saƙo ta wayar salula domin sadarwa tsakanin kamfani ko ɗan kasuwa da abokan cinikinsa. Ya haɗa da saƙon SMS, wanda kafofin labarai na Hausa kan kira saƙon kar-ta-kwana, da kuma saƙonnin manhajoji irin su WhatsApp. Bankuna da asibitoci da kamfanonin jiragen sama da masu kai kaya da ƙananan 'yan kasuwa duk suna amfani da shi. Dacewarsa ko rashin dacewarsa ta dogara ne a kan abubuwa uku: ko abokin ciniki ya yarda a tuntuɓe shi ta wannan hanya, irin maganar da saƙon yake ɗauke da ita, da kuma lokacin da aka tura shi. Bambancinsa da wasiƙa ko imel shi ne yana faɗawa ne cikin wayar da mutum yake magana da iyalinsa, shi ya sa saƙon da ba a nema ba ya fi ɓata rai a nan.

Tarihi

An tura saƙon SMS na farko ranar 3 ga Disamba, 1992, a Birtaniya, lokacin da injiniya Neil Papworth ya aika gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone. A Najeriya saƙon tes ya shigo tare da layukan GSM a shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Bankuna na cikin waɗanda suka fi saba wa jama'a da shi, har kalmar "alat" ta zauna daram a bakin mutane da ma'anar saƙon shigar kuɗi ko fitarsu. An kafa WhatsApp a 2009, sannan a watan Janairun 2018 aka fitar da WhatsApp Business domin ƙananan 'yan kasuwa.

Inda ya dace

Saƙon tes ya fi dacewa da bayanin da yake gajere, mai saurin wucewa, wanda kuma abokin ciniki yake jiransa. Misali shi ne sanar da mutum cewa kayansa sun iso tasha, ko ɗinkinsa ya kammala, ko an ɗage lokacin tashin jirgi, ko tunatar da shi ranar ganin likita. Irin wannan saƙo mai karɓa ne ke cin moriyarsa. Ba ya katse wa mutum aiki kamar kiran waya, kuma yana nan a ajiye idan an so a sake duba lamba ko adireshi. SMS ba ya buƙatar data ko babbar waya, don haka yana isa ga mai ƙaramar waya a ƙauyen da intanet ba ta da ƙarfi.

Haka nan idan abokin ciniki ne ya fara rubuto saƙo yana tambayar farashi ko girman kaya, amsa masa ta hanyar da ya zaɓa ita ce daidai. Tsarin WhatsApp na manyan kamfanoni ma a kan wannan aka gina shi: idan mutum ya rubuto, kamfani na da sa'o'i 24 da zai iya amsawa da kowane irin rubutu, bayan nan sai dai ya yi amfani da samfurin saƙon da aka riga aka tantance.

Inda bai dace ba

Maganar da ke buƙatar dogon bayani ko lallashi ba ta tes ba ce. Idan kayan mutum sun ɓace a hanya, ko an yi kuskure a kuɗinsa, ko za a soke yarjejeniya, layi biyu a waya kan zo wa mai karɓa kamar gudun haɗuwa da shi ake yi. Rubutu ba ya ɗauke da murya. Kalmar "to" kaɗai tana iya zama yarda, tana iya zama fushi, kuma mai karatu ne zai zaɓa. A irin wannan hali an fi son kiran waya ko zama ido da ido, sai a biyo da rubutu domin ya zama shaida.

Bayanan sirri ma ba wurinsu ba ne. Saƙon SMS ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba, yana iya bayyana a fuskar waya ko da tana rufe, kuma a gidaje da yawa waya ɗaya mutum biyu ko uku ke taɓa ta. Asibitin da ya rubuta sakamakon gwaji a tes na iya tona asirin majiyyaci ba da niyya ba. Abin da aka saba yi shi ne a rubuta cewa sakamako ya fito, a zo a karɓa.

Akwai kuma batun lokaci da ladabi. Saƙon talla da tsakar dare ko da asuba abin ƙi ne a ko'ina. A ƙasar Hausa ɗan kasuwan da ya rubuta wa dattijo ba sallama, ba "Alhaji" ko "Hajiya", ana iya ɗaukarsa marar tarbiyya ko da bayaninsa daidai ne, kuma saƙon dare zuwa ga matar aure na iya haddasa fitinar da ba ta da alaƙa da ciniki. Taƙaita kalmomi irin na hirar abokai, kamar rubuta "slm" a madadin sallama, yana rage wa saƙo kwarjini. Ya kamata kuma mai rubutu ya faɗi sunan shagonsa tun a layin farko, domin ba kowa ne ya ajiye lambarsa ba. Inda abokin ciniki ba ya karatun boko, saƙon murya ko kira ya fi tes amfani nesa ba kusa ba, kuma da shi 'yan kasuwa da yawa suke aiki.

Tsawon saƙo da haruffan Hausa

Saƙon SMS guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, idan duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Haruffa masu lanƙwasa na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin rubutu wanda ke ɗaukar haruffa 70 kacal, ko 67 a kowane kashi idan saƙon ya rabu. Ke nan sanarwa mai haruffa 150 da za ta tafi a matsayin saƙo ɗaya, harafin ƙ guda zai mayar da ita uku, kuɗinta ma ya ninka uku. Ga kamfanin da ke tura wa dubban mutane, wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma yana cikin dalilan da ake ganin saƙonnin Hausa ba lanƙwasa, a rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa", a bar mai karatu ya gane daga jimla. Alamar naira ma ba ta cikin jerin, shi ya sa alat na banki kan zo da N ko NGN.

Dokoki

Ƙasashe da dama sun bambanta saƙon da ya shafi cinikin da ake ciki da saƙon talla, kuma na biyun ne dokoki suka fi matsa wa. A Amurka dokar TCPA ta 1991, wadda daga baya aka fassara cewa ta shafi saƙon tes, ta ba mutum damar neman diyyar dala 500 a kan kowane saƙon da ya saɓa mata, har zuwa dala 1,500 idan da gangan ne. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ɗauki lambar wayar mutum a matsayin bayanin da ba a sarrafa shi sai da hujja.

A Najeriya, bayan koke-koken jama'a kan yawan saƙonnin talla, hukumar kula da sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016. Mai layi na iya tura kalmar STOP zuwa wannan lamba domin a daina turo masa tallace-tallace, ko HELP domin ya zaɓi irin waɗanda yake so. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ba mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla. Mafi munin cin zarafi ta wannan hanya ya fito ne daga wasu manhajojin ba da bashi, waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, su tura wa 'yan'uwansa da abokan aikinsa saƙon tozarta shi. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ɗauki mataki a kansu a 2022, ta kuma wajabta musu rajista.

Damfara

Amincewar da jama'a suka yi wa alat ita ce 'yan damfara suke ci da ita. Sukan turo saƙo da sunan banki cewa za a rufe asusu sai an sabunta bayanai, ko su nuna wa mai shago alat na bogi su tafi da kaya. Bankuna na yawan nanata cewa ba sa neman lambar sirri ta kati ko lambar tabbatarwa ta tes. Illar ta shafi kamfanonin gaskiya ma, domin duk saƙon da ya zo da adireshin intanet yana cewa a latsa da gaggawa, mutane sun koyi zarginsa. Mai shago kuwa hujjarsa ita ce abin da ya gani a asusunsa, ba abin da aka nuna masa a wayar mai saye ba.

Matsayinsa a gaban shari'a

Mutane da yawa na ɗaukar tes kamar hira, alhali kotu na iya karɓarsa a matsayin shaida. A Najeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar bayanan da suka fito daga na'ura. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta duba ƙarar da wani kamfanin sayen amfanin gona ya shigar. Wakilin kamfanin ya tura wa manomi hoton takardar yarjejeniya ta waya, manomin ya amsa da alamar ɗaga babban yatsa, daga baya bai kawo kayan ba, farashi kuma ya tashi. Manomin ya ce alamar tana nufin ya ga saƙo ne kawai. Alƙali ya duba yadda suka saba ƙulla ciniki da gajerun amsoshi a baya, ya yanke cewa alamar amincewa ce, ya umarci a biya fiye da dalar Kanada 82,000.

Ga manyan kamfanoni matsalar ita ce adana saƙonnin. Idan ma'aikaci yana magana da abokan ciniki ta wayarsa ta kansa, ranar da ya bar aiki zai tafi da lambobin da duk alkawuran da aka yi. A harkar kuɗi ta Amurka doka ta wajabta ajiye irin wannan sadarwa. A watan Disambar 2021 hukumomin ƙasar sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa sun riƙa tattauna harkokin aiki ta WhatsApp da tes a wayoyinsu ba tare da an adana ba, sannan a Satumbar 2022 hukumar SEC ta ci wasu kamfanonin kuɗi 16 tarar da ta haura dala biliyan 1 a kan laifi iri ɗaya.