Taruwar Mugunya a Ƙugu Bayan Tiyatar Dajin Dubura

Dubura ita ce ƙarshen babban hanji, tana kwance can cikin kwarmin ƙashin ƙugu, a bayan mafitsara. Idan ciwon daji ya kama ta, likitoci kan yanke inda ya ci, su haɗa sauran hanjin da ɗinki. Tun daga 1982, lokacin da likita Heald na Ingila ya bayyana dabarar cire dubura haɗe da kitsen da ya lulluɓe ta, dawowar dajin ta ragu ƙwarai. Sai dai aikin yakan bar kogo a gaban ƙashin tsatso. Da zarar ɗinkin ya yi yoyo, ƙwayoyin cuta na cikin bayan gida sukan malala cikin wannan kogo, mugunya ta taru.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya ratsa babban ƙurji, wajibi ne a zuƙe mugunyar. A nan wahalar take, domin ƙashi da mafitsara da hanji sun kewaye wurin. Akan zura siririn bututu ta ɗuwawu ana duba hoton na'urar siti-sikan, amma bututun na iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ko ya huda hanyar jini. Wani lokaci sai an sake tiyata, an karkatar da bayan gida ta wata ƙofa a jikin ciki, don ɗinkin ya huta. Bugu da ƙari, naman da aka ƙona da hasken maganin daji ba ya saurin warkewa, kogon kan zama rami mai tsiyaya wata da watanni, sauran maganin dajin kuma ya yi jinkiri.

Babban haɗarin shi ne alamun kan ɓulla kwanaki ko makonni bayan aiki, sau da yawa bayan sallama. Majinyacin da aka yi wa tiyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya koma ƙauyensa a ƙasar Gwaram, in zazzaɓi ya rufe shi, sai a ɗauka na cizon sauro ne, a yi ta ba shi magani har cutar ta shiga jini. Saboda haka, zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, ko ciwon mara, ko fitar mugunya ta dubura bayan irin wannan aiki, dalili ne na garzayawa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a ranar, da takardar sallama a hannu.