"Barista" Tun Kafin Jarrabawa: Gajiyar da Ke Cin Masu Neman Karatun Lauya a Illela

A Illela watan Afrilu ba ya wasa. Da rana zafi kan haura digiri 40, kuma har bayan isha'i bangon ɗaki yana fitar da hucin da ya sha tun hantsi. Shi ya sa matashin da ke shirin jarrabawar JAMB yakan fito da tabarma tsakar gida ko ƙofar shago, ya kunna fitilar waya, ya buɗe littafin tsofaffin tambayoyi. Idan lauya yake son zama, darussa huɗu ne a gabansa: Turanci, Adabin Turanci, sai biyu daga cikin irin su Gwamnati, Tarihi da Addinin Musulunci. Wata uku baya yana cinye shafi ashirin a zama ɗaya. Yanzu kuwa sai ya karanta sakin layi guda har sau uku, ya ɗago kai, ya tarar babu abin da ya zauna. Ga abin da irin waɗannan yara ke faɗa wa junansu: "Karatu ba ya shiga." Wasu su ce kansu ya toshe.

A gida fassara ba ta wuya. Mahaifi zai ce lalaci ne, ko wayar nan ce ta ɗauke masa hankali. Gwaggo za ta ce bakin mutane ne, a nemo rubutu. Shi kansa yaron yakan yarda cewa laifinsa ne, sai ya ƙara awa biyu a kan karatun dare, abin ya ƙara dagulewa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan hali. A 1974 wani masani a Amurka, Herbert Freudenberger, ya lura da ma'aikatan sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York. Sun fara aiki da zumuɗi, amma bayan wani lokaci sai ya ga sun zama kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata, lagwani ya ƙone. Kalmar Turancin da ya raɗa wa halin ma'anarta ke nan, ƙonewa ƙurmus. Daga baya Christina Maslach ta fito da ma'aunin gane shi a 1981, ta nuna yana da fuska uku. Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita. Akwai ƙosawa, inda mutum ke jin haushin abin da a da yake so. Sai kuma jin cewa duk ƙoƙarin da aka yi ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki na dogon lokaci, ba ta kira shi cuta ba. Hukumar ta taƙaita shi ga wurin aiki, amma tun 2002 masu bincike suka gyara ma'aunin Maslach don ɗalibai, domin shirin jarrabawa na watanni aiki ne, sai dai babu albashi.

To me ya sa masu neman karatun lauya suka fi shiga wannan hali fiye da abokansu da yawa? Ƙofar ce matsattsiya. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, kuma a 2025, cikin mutum fiye da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Tsangayoyin shari'a kuwa suna cikin masu neman maki mafi yawa. Bayan haka akwai ƙa'idar Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, wadda ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, wasu ma 50 kacal, kuma tana hukunta wadda ta karya doka. A Janairun 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a makarantu takwas, har da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil. Ɗan Illela galibi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato yake hari, ko Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya, kuma kujerun da yake hange su ne 'yan Kebbi da Zamfara da Katsina ke hange. Yaro zai iya samun maki mai kyau, takardar sakandarensa da kiredit a Turanci da Lissafi da Adabi, amma a ba shi wani fannin da bai nema ba. Sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne. Wanda ya nace sai lauya, sai ya sake sayen fom, ya koma farko. Masu zama na biyu da na uku su ne suka fi ƙonewa, don littattafan da suke buɗewa suna ɗauke da warin faɗuwar bara.

Shekarar 2025 ɗin ta kuma nuna cewa maki ba kullum yake auna yaro ba. A watan Mayu shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. An sake masu jarrabawa. Amma kafin a kai nan, an yi kwanaki ana kallon yaran a gidajensu a matsayin waɗanda ba su yi karatu ba.

Illela tana da nata ƙarin nauyin. Gari ne na kan iyaka, tsakaninsa da Ƙonni ta Nijar tafiyar 'yan mintoci, kuma rayuwarsa a kan kasuwa take. Ranar Lahadi, idan kasuwa ta ci, da wuya a ga saurayi mai jini a jika yana zaune da littafi: wani yana korar shanu, wani yana tsaron shagon yayansa, wani yana kan babur tsakanin tasha da bakin boda. 'Yan mata kuwa ga girki da raino da awo. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, aljihun gidaje da yawa ya girgiza, kuma kuɗin fom da na lesin da na mota suka zama abin da ake tattarowa da kyar. Yaron da ya ga an sayar da tunkiya don a yi masa rajista, da wannan tunkiyar yake shiga ɗakin jarrabawa. A shekarun nan kuma watannin shiri sun haɗu da azumi: a 2024 an yi sallah ƙarama kwana tara kacal kafin a fara jarrabawar.

Sai kuma sunan. Tun ranar da yaro ya furta cewa lauya yake son zama, unguwa ta raɗa masa "Barista". Mai shayi ya kira shi da shi, kawu ya kira shi da shi, har Inna idan za ta aike shi. Cikin ƙauna ake faɗa, da fatan alheri, kuma a gidan da babu wanda ya taɓa shiga jami'a, sunan yana ɗauke da begen dangi gaba ɗaya: ga wanda zai tsaya mana idan rigimar gona ta taso, ko aka kama kaya a hanya. Sai dai wanda ake kira da sunan yana jin sa kamar bashi. Kowace "Barista" tana tuna masa cewa an riga an ba shi abin da bai samu ba tukuna, kuma idan bai samu ba, gari duka zai sani. Wannan ne nauyin da ba a cika ambata ba, kuma mai yiwuwa ya fi zafin Afrilu cin rai.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne. Idan mutum yana cikin fargaba, jiki kan saki sinadarin kotizol don ya shirya shi fuskantar haɗari. Na ɗan lokaci wannan yana da amfani. Idan ya ɗore makonni, sai ya dagula barci, ya rage natsuwa, ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abin da aka koya. Barci kuwa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kwashe karatun yini ta adana shi. Likitocin barci suna cewa matashi ɗan ƙasa da shekara 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Wanda ya raba dare yana karatu ya tashi da asuba ya shiga hidimar gida, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Nescafé mai kauri da goro suna hana ido rufewa, amma rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, don haka kofin ƙarfe goma na dare yana cin barcin da ya rage. Mafi muni shi ne abokin da zai miƙo ƙwayar tiramol ya ce tana ƙara ƙarfin karatu. Ƙwaya ce ta kashe ciwo mai sa jaraba, kuma yawanta kan jawo farfaɗiya. Ba ta ƙara wa kowa fahimta.

Abin sha'awa shi ne, hanyar da binciken zamani ya tabbatar tana nan a zauren kowane alaramma. A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa, ya nuna cewa mutum yana manta kaso mai yawa na sabon abu cikin kwana ɗaya, amma idan ana komawa kansa a rarrabe, yau kaɗan, jibi kaɗan, sai ya zauna. A 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Almajiri ba ya rubuta izu guda a allo rana ɗaya. Yakan rubuta abin da zai iya ɗauka, ya biya wa malam da ka, sannan a wanke. Yana da lokacin tishi, inda yake komawa na baya. Kuma tun kaka da kakanni makarantar allo tana hutun Alhamis da Juma'a, babu wanda ya taɓa kiran wannan lalaci. Yawancin masu shirin JAMB a Illela sun bi ta wannan makaranta, amma da suka zo kan boko sai suka yar da tsarinta, suka koma zaman awa shida a kan littafi ɗaya.

Da za su dawo da shi, da awa biyu bayan sallar asuba, lokacin da gari bai yi zafi ba kuma kai yana sake, sun fi awa biyar na tsakar dare. Sai ƙailula bayan azahar, sai zama na biyu da yamma na amsa tambayoyi da agogo a gefe, littafi a rufe. Mutum uku ko huɗu su haɗu suna yi wa juna tambaya, domin kaɗaici yana ƙara wa wannan gajiya ƙarfi. Wanda bai saba da kwamfuta ba, tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ya nemi inda zai taɓa ta tun da wuri, ko ya yi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa. A ware rana guda a mako ba a buɗe littafi. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da hannun iyaye, don idan ranar hutun ita ce ranar wuni a kasuwa, ba a huta ba. Mahaifin da ya ɗauke wa ɗansa tsaron shago na wata biyu, uwar da ta raba aikin gida tsakanin 'yarta da ƙannenta, sun yi abin da mai lesin ba zai iya ba. Haka ma wanda ya ajiye "Barista" ya koma kiran yaro da sunansa na yanka har sai sakamako ya fito.

Wani lokaci abin ya wuce gajiya. Idan aka yi mako biyu ko fiye mutum ba ya jin daɗin komai, ba ya cin abinci, barci ya gagara ko ya yi yawa, yana kuka ba dalili, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, to a kai shi asibiti a ranar, kada a jira jarrabawa ta wuce. A fara da asibitin gari, don zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ma suna kashe jiki su toshe kai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana kan hanyar Illela zuwa Sakkwato, motocin tasha suna wuce shi kullum. Abin takaici, sunan Kware ya zama abin tsokana a bakin mutane, har iyaye na gudun a ga sun shiga da ɗansu. Likitocin can suna duba damuwa da rashin barci kamar yadda ake duba hawan jini, a ba da shawara ko magani mutum ya koma gida. Addu'a da asibiti kuma ba kishiyoyi ba ne.

Yana kuma rage nauyi yaro ya san cewa ƙofar ba ɗaya ba ce. Akwai masu shiga tsangayar shari'a kai tsaye a aji biyu, ta hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko bayan difloma a fannin shari'a, ko ma bayan sun gama wani digirin. Tafiyar kuma doguwa ce: shekara biyar a jami'a, sannan Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda ta jihar Kano, inda wata jarrabawar mai tsanani ke jira kafin a sa wa mutum hular lauya.

Ranar jarrabawa kanta tana buƙatar shiri irin na tafiya. Daga Illela zuwa Sakkwato kilomita tamanin da 'yan kai ne, ta Gwadabawa da Kware, kuma a 2025 an buƙaci masu zaman farko su isa cibiya tun ƙarfe 6:30 na safe. Wanda aka tura birni, gara ya tafi tun jajibiri ya kwana wurin dangi, ya je ya ga ƙofar cibiyar da idonsa kafin magariba, ya ci tuwo, ya kwanta da wuri. Washegari tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato sakan 40 ga kowace tambaya, kuma sittin daga ciki na Turanci ne, masu dogayen sakin layi da sai an karanta da natsuwa.