3.4 Juriyar Bangon Kankare Na Zubi A Yankin Haɗeja

A wannan fasali za a duba juriyar bangon kankare na zubi, wato wanda ake zubawa a masana'anta, ya bushe, sannan a kai shi wurin gini a harhaɗa. Irin wannan bango ba kasafai yake karyewa a tsakiya ba. Rauninsa yana wurin haɗi ne, inda allo ya gamu da allo ko da fandisho.

Girgizar ƙasar Armeniya ta 1988 ta tabbatar da haka. A birnin Leninakan, benaye masu ginshiƙan zubi da ba a ɗaure mahaɗarsu sosai ba sun ruguje, alhali waɗanda aka yi da manyan allunan bango masu haɗin rodi sun tsaya.

Nijeriya ba ta cikin yankunan girgiza mai ƙarfi, ko da yake an ji motsin ƙasa a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018. A Haɗeja kuwa, babbar barazana ita ce ambaliya, kamar ta 2020 da 2022. Ƙasar fadama laka ce da rairayi, idan ta sha ruwa sai ta saki, fandisho ya nutse ta gefe guda. Nauyin da ya karkata kan mahaɗa yake sauka, kamar dai lokacin girgiza.

Saboda haka, wajibi ne magini ya auna ƙasa tukuna, ya ɗaga fandisho, sannan ya ɗaure kowace mahaɗa da rodi.