Daga Jimla Zuwa Zance: Yadda Matani Ke Biyan Bukatar Sadarwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da nahawun Hausa a kwalejin horon malamai ya san cewa galibin aikinmu a kan jimla yake tsayawa. Mukan ɗauko jimla guda, mu feɗe ta, mu fitar da yankin suna da yankin aikatau, sa'an nan mu wuce ga wata. Wannan aiki yana da amfaninsa, amma akwai abin da yake bari a baya. Sau da yawa akan sami ɗalibin da ya ƙware wajen feɗe jimla, amma in an ce ya rubuta takardar neman aiki, sai ya ɓige da rubuta wasiƙar zumunci. Maƙasudin wannan takarda shi ne gabatar da fannin da ake kira nazarin zance, tare da nuna cewa ba a sanin cikakkiyar ma'anar jimla sai an duba abin da ya gabace ta, da wanda ya faɗe ta, da kuma bukatar da yake son biya.

2.0 Zance da Matani

Abin da ake nufi da zance a nan shi ne harshe a bakin aiki, watau yadda mutane ke sarrafa shi a tsakaninsu. Matani kuwa shi ne duk wani yanki na zance, na baka ko rubutacce, wanda ya tsaya a matsayin abu ɗaya. Tsawo ba shi ne ma'auni ba. "Ba shiga" da ake rubutawa a ƙofar gida matani ne, haka ma huɗubar Juma'a. Masanin harshe na Amurka, Zellig Harris, shi ne ya fito da sunan wannan fanni a wata maƙala ta 1952, inda ya nemi a faɗaɗa nazari ya wuce iyakar jimla.

3.0 Ɗinkin Matani

A shekarar 1976 Halliday da Hasan suka bayyana hanyoyin da jimloli ke ɗinkuwa da juna a Ingilishi. Hausa ma tana da nata zaren ɗinki. Mu duba waɗannan misalai:

(1) Wani manomi ya sayi akuya. Da ya kai ta gida, sai akuyar ta tsinke.

(2) Wani manomi ya sayi akuya. Wani manomi ya kai akuya gida. Akuya ta tsinke.

Babu kuskuren nahawu a (2), amma mai sauraro zai iya ɗauka manoma biyu ne da awaki uku. A (1) kuwa, mafayyaci "wani" ya shigo da sabon mutum, wakilin suna "ta" ya koma ga akuya, madanganci "-r" kuma ya tabbatar cewa ita ce dai wadda aka ambata. Har ila yau, in an tambaya "Me ya faru?" amsar da ta dace ita ce "Baƙi sun zo." In kuwa an ce "Su wa suka zo?" sai a ce "Baƙi ne suka zo." Ke nan tambayar da ta gabata ita ce ta zaɓi "sun" ko "suka."

4.0 Magana a Matsayin Aiki

J. L. Austin, a littafinsa da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai maganganun da faɗarsu ita ce aikata su, John Searle kuma ya faɗaɗa wannan ra'ayi a 1969. Idan mai kaya a kasuwa ya ce "Na sallama," ciniki ya faɗa da wannan furuci. Haka nan a wurin ɗaurin aure, waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, a gaban shaidu. Amma fa da sharaɗi: in ɗan kallo ne ya ce "Na sallama" a kan kayan wani, babu abin da ya ƙullu.

Wani lokaci kuma siffar magana daban, aikinta daban. "Albarka" a bakin mai sayarwa ƙin tayi ne. "Allah ya ba da haƙuri" addu'a ce a siffa, amma mai bara ya san an sallame shi ne. Wanda aka ce wa "Ina gajiya?" yakan amsa da "Ba gajiya," ko da kuwa daga gona ya fito, domin aikin gaisuwa shi ne buɗe ƙofar hulɗa. Malinowski ya yi nuni ga irin wannan magana ta sada zumunci tun 1923. Habaici ma a nan yake: H. P. Grice ya bayyana a 1975 yadda mai sauraro ke gano abin da ake nufi daga abin da ba a furta ba, ta yin la'akari da halin da ake ciki.

5.0 Tsarin Matani da Manufarsa

Kowane irin matani yana da tsarin da manufarsa ta shata masa. Tatsuniya takan buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ta rufe da "Ƙurunƙus," kuma waɗannan iyakoki su ne ke sanar da yara cewa abin da ke tsakani ba labarin gaske ba ne. A wasiƙar zumunci, "bayan gaisuwa" ita ce gada zuwa ainihin saƙo. Takardar neman aiki ba ta ɗaukar doguwar gaisuwa, domin mai karanta ta hukunci zai yanke. A nan ne ɗalibin da aka ambata a farko ya yi tuntuɓe. Aji ma yana da nasa tsari. Sinclair da Coulthard, a binciken da suka buga a Ingila a 1975, sun gano cewa zancen aji yakan bi matakai uku: malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya auna amsar. Malamin da bai taɓa kauce wa wannan tsari ba, da wuya ɗalibansa su sami damar yin magana mai tsawo.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya ganin cewa nahawun jimla tubali ne, nazarin zance kuwa shi ke nuna yadda ake gini. Saboda haka ana ba malaman Hausa shawara su riƙa shigowa aji da matani na haƙiƙa, kamar sanarwar rediyo, da wasiƙa, da cinikin kasuwa da aka naɗa. A kan kowanne a tambayi ɗalibai abu huɗu: wa ke magana, da wa yake yi, me yake son cimmawa, kuma waɗanne kalmomi ne suka ɗinke maganar. Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi a kan matanin wasu, zai riƙa yi wa kansa su kafin ya ɗora alƙalami a takarda.