Basir: Abin Da Ke Kawo Shi Da Abin Da Ake Ɗora Masa

A tasha ko bakin kasuwa ba a rasa mai magani da lasifika yana lissafo laifukan basir: ciwon baya, kasala, kumburin ciki, jiri, har da raunin mazakuta. In aka biye masa, babu mai lafiya a garin. Alhali basir bai kai haka ba. Jijiyoyin jini ne na cikin dubura da bakinta, waɗanda kowa da su aka haife shi, suke kumbura idan matsi ya yi musu yawa. Na ciki yakan zubar da jini ja jawur bayan an kama ruwa, galibi ba tare da zafi ba, in ya yi nisa ya leƙo waje, shi ne ake ce wa mai tsiro. Na waje kuwa ƙaiƙayi ne da raɗaɗi, wani lokaci zama ma ya gagara.

Babban mai kawo shi yunƙuri ne, yunƙuri kuma taurin bayan gida ke jawo shi. A nan dole mu dubi kwanon abincinmu. Iyayenmu sun tashi da tuwon dawa da na gero, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, ga wake. Duk suna da harza, wadda ke riƙe ruwa a hanji ta tausasa bayan gida. Yau magidanci a birni shayi da burodi da safe, farar shinkafa da rana, taliya da dare, ya yi mako bai ga ganye ba. Baligi na buƙatar harza giram 25 zuwa 30 a rana, irin wannan cima kuwa ba ta ko kusa. Ƙara da ƙarancin shan ruwa a zafin Maris da Afrilu, ko a watan azumi da ake buɗa baki da soye-soye.

Akwai kuma ɗabi'ar riƙe bayan gida. Ɗan kasuwa ba ya son barin rumfa, ɗalibar makarantar kwana na ƙyamar banɗaki, direba na son ya kai zango. Duk daɗewar da kashi ya yi a hanji, ruwansa ake ƙara tsotsewa. Sai kuma sabon salo na shiga banɗaki da waya, mutum ya shantake a kan masai yana duba saƙonni, jini na taruwa a jijiyoyin. In abu bai zo ba cikin 'yan mintoci, a tashi.

Mata masu juna biyu na cikin sahun gaba. Mahaifa na danne jijiyoyin ƙugu, hanji na rage aiki, ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo suna ƙara taurin bayan gida, ga yunƙurin naƙuda. Kada a daina shan ƙwayoyin. A faɗa wa ma'aikaciyar awo. Yawancin irin wannan basir yakan lafa bayan haihuwa.

'Yan dako da masu ɗaga ƙarfe, masu ƙiba, da waɗanda ke tsakanin shekara 45 zuwa 65 su ma sun fi kamuwa. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne tiramadol da kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, suna ɗaure ciki tamau. Gudawa mai daɗewa ita ma tana tayar da basir, don haka jiƙon da ake sayarwa a gora da sunan wankin ciki kan iya ƙara dagula abin da aka sha shi dominsa.

Zaƙi fa, da kowa ke zargi? Sukari ba ya kumbura jijiya, sai dai mai cika ciki da kayan zaƙi ba ya barin wurin ganye. Barkono ma ba shi ke haifar da basir ba.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne kiran kowane jini basir. Sankarar hanji ma takan iya farawa da jini, mutane kuma kan yi watanni suna shan jiƙo saboda kunyar a duba su. Jini mai duhu ko wanda ya gauraya da bayan gida, rama ba dalili, sauyin yanayin bayan gida na makonni, ko jini ga wanda ya haura shekara 40, duk na asibiti ne. Dubawar farko da likita zai yi ba ta wuce 'yan mintoci.