Katakon Ƙasan Bango

A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da Amurka, ana yawan rufe ƙasan bangon ɗaki da katako daga ciki. Ba a kai shi har sama. Tsawonsa yakan kai santimita 90, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na bangon.

Wannan al'ada ta daɗe. A da, bangon dutse yana da sanyi da laima, sai katako ya tare su. Yana kuma kāre bango daga bugun kujeru da dauɗar hannu. A ƙarshen ƙarni na 19, injuna suka fara fere ƴan siraran alluna da yawa, da araha. Kowane allo yana da harshe a gefe ɗaya, da rami a ɗaya gefen. Harshen wannan yana shiga ramin wancan. A mahaɗarsu akwai ɗan tudu siriri, kamar igiya, wanda ke ɓoye tsagar.

Mai gida yana da zaɓi huɗu.

Na farko, itace zalla. Yana da kyau da ƙarko, amma da tsada. Yana kumbura in iska ta yi laima, yana motsewa in ta bushe. Don haka kafinta yakan ajiye allunan cikin ɗakin na ƴan kwanaki kafin ya kafa su.

Na biyu, katakon liƙe. Ana yanka itace fale-fale, a liƙa su da gam, wani bisa wani. Ba ya saurin lanƙwashewa, kuma kafa shi ba wuya.

Na uku, katakon gari, wanda ake kira MDF. An fara yin sa a Amurka a shekarun 1960. Ana niƙa itace, a cuɗa da gam, a matse da zafi. Yana da santsi, yana karɓar fenti sosai, ga shi da araha. Amma ruwa abokin gābansa ne. In ya jiƙe, sai ya kumbura, ba ya komawa yadda yake.

Na huɗu, roba mai tauri, wadda ake kira PVC. Ruwa ba ya ɓata ta, ƙwari ba su cin ta. Sai dai ba ta da kyan itace.

Saboda haka wurin da za a kafa shi ne ke nuna abin da za a saya. Ɗakin kwana da zauren baƙi busassu ne, kowane iri zai yi. Wurin wanka kuwa, roba ta fi. Wanda ya sa katakon gari a can don araha, zai sake saye ba da daɗewa ba. Araha ba ta ado.

Kafin saye, sai an yi awo. Babban falle ɗaya yana da faɗin santimita 122, da tsawon santimita 244. In an yanka shi guntu biyu masu tsawon santimita 90, zai rufe santimita 244 na bango. Ɗaki mai mita 4 da mita 3, kewayensa mita 14 ne. In an cire mita 1 na ƙofa, saura mita 13. Falle 5 ba za su isa ba, sai an sayi 6.

A Nijar itace kaɗan ne, gara kuma tana cin katako. Shi ya sa a azuzuwa da asibitoci da yawa ake shafa wa ƙasan bango fentin mai, mai duhu, wanda ake iya wankewa. Aikin ɗaya ne: kāre bango.

Tambayoyi
1. Don me ake rufe ƙasan bango da katako?
2. Wane iri ne ruwa ke ɓatawa?
3. Falle nawa za su isa ɗaki mai mita 5 da mita 4, mai ƙofa ɗaya?